Yadda Bawa Ya Ƙara wa Fijon Ezekiyel Ƙarfi

Bawa mutumin Babankatami ne, ɗan manoman gero da dawa. Aji huɗu ya yi a lakkol, wato makarantar boko, ya ajiye allo. Abin da ya raba shi da gona kuwa injin ban ruwa ne. Wani rani, yana saurayi, ya bi kawunsa lambun albasa kusa da Madawa, sai injin ya ƙi tashi, ga albasa na neman bushewa. Bawa ya shimfiɗa tabarma, ya kwance shi kaf, ya wanke kowane ƙarfe, ya mayar. Noti biyu suka rage a hannunsa, amma da ya ja igiya sai ruwa ya yi tsartuwa. Kawun ya dubi notin, ya dubi ruwan, ya ce, "Ashe waɗanga biyun zaman banza suka yi tun hwarko."

An fi shekara ashirin da yin wannan. Yanzu Bawa yana da garejinsa a bakin babbar hanyar Madawa, rumfar kwano da benci ɗaya a gindin dogon yaro. Gajere ne mai tumbi, dariyarsa na riga shi isa wuri. In an kawo mota ba ya saurin taɓa ta. Sai ya dafa tsinin sukudireba a jikin inji, ya kara mariƙinsa a kunne, ya lumshe ido. Matarsa Saude takan ce da yana sauraron ta yadda yake sauraron inji, da ba su taɓa musu ba.

Cikin masu kawo masa aiki akwai Ezekiyel, wani Kirista da ke zaune kusa da asibitin mishan. Tsohuwar Fijo gare shi mai buɗaɗɗen baya, wadda ake ce wa bashe, ta girme shi da shekara biyu. Aikinsa ya kwashi waɗanda aka sallama daga asibiti ya mai da su ƙauyukan Buza da Keita, ya juyo da buhunan albasa. A hanyar Keita akwai wani hawan dutse mai tsawo, nan motar ke ba shi kunya. Da ta kai rabi sai ta kama numfarfashi, dole fasinja su sauka su taka.

Ran nan Ezekiyel ya iso garejin fuska a murtuke.

"Yaya Bawa, turbo nika so ka sa min."

"Turbo? Wa ya ɓata maka rai da sahe haka?"

"Wata tsohuwa ce, Inna Yelwa, da anka yi ma aiki a ƙahwa. Da munka kai hawa na ce a sauka, ta dube ni ta ce, ‘Ɗana, likita ya ce in riƙa takawa kaɗan-kaɗan, ban san kai ya ba aikin ba.' Duk mota anka kwashe da dariya. Ni ban yi ba."

Bawa ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya share hawaye ya buɗe gaban motar.

"Saurara, ƙanena. Turbo ɗura ma inji iska shika yi da ƙarhi. Tsohuwag ga in ka yi mata ɗure, kafin ka kai Buza ta hwashe. Ita da kanta taka shaƙar iskarta, kamar ni da kai. In tana shaƙa sosai, ta ƙona mai sosai, ta hitar da hayaƙi ba wahala, ƙarhinta ya dawo. Bar min ita kwana huɗu."

Ya fara da matatar iska. Da ya bubbuga ta a ƙasa, rairayin da ya zubo ya kai a shuka gero. Ya jefar, ya sa sabuwa. Ya leƙa ƙarƙashi ya tarar dutse ya lotsa bututun hayaƙi har ya kusa toshewa, ya kira maƙwabcinsa Mahfuzu mai walda ya haɗa wani mai ɗan faɗi. Sannan ya sauko da kulas, wato murfin injin inda hanyoyin iska suke. Baƙin gawayi ya cushe su. Yini biyu ya yi zaune a benci yana kankarewa, yana gogewa da takardar yashi, yana ɗan buɗe bakin kowace hanya, yana zura yatsa ya ji ko ta yi sumul. Daga nan ya aika da kulas ɗin Ƙonni, wurin masu injin aske ƙarfe, ya ce a aske fuskarsa don inji ya ƙara matse mai da iska kafin wuta ta kama. A nan ne zari ya ɗebe shi, ya faɗi awon da ya wuce kima.

Ran na huɗu da hantsi aka haɗa komai. Ezekiyel ya sayo isansi, wato fetur, na kwalba a bakin hanya, aka zuba, ya murza makulli. Motar ta tashi da wata murya da bai taɓa jin ta da ita ba. Suka hau kwalta. Amma da ya taka ta sosai sai ciki ya kama ƙara, kas-kas-kas, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

"Tsaya! Tsaya!" in ji Bawa.

Suka dawo a hankali. Saude ta iso da kwanon shinkafa da wake, ta tarar da mijinta ya yi tagumi a gaban mota.

"Malam, lahiya? Ko ita ma ta hwaɗa maka gaskiya?"

"Ta hwaɗi," ya ce. Ya juya ga Ezekiyel. "Laihina ne. Na sa an aske da yawa, matsin ya hi ƙarhin isansin da muka samu a nan. Mai shina kamawa tun lokaci bai yi ba. Ƙara min kwana guda."

Bai ci shinkafar ba sai da ya sake sauke kulas. Ya sa juwan mai kauri, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin kulas da inji, don ya rage matsin, ya ɗan ja lokacin tartsatsin buji baya, ya daidaita karburato da kunnensa. Washegari ƙarar ta ɗauke.

Ranar gwaji Bawa ya sa riga mai tsabta ya zauna gaba. A baya akwai mutum tara, da buhun gishiri shida, da tunkiya. Da suka doshi hawan, waɗanda suka san hanyar suka fara lalubar takalmansu. Ezekiyel ya sa giya ta biyu, ya ce, "Ya Ubangiji," Bawa ya ce, "Bismillahi," sai Ezekiyel ya taka. Motar ta kama dutse tana gurnani. Ta kai inda ta saba tsayawa, ta wuce. Wani dattijo ya buga rufin motar yana kira, "Direba, ka manta ba ka sauke mu ba!" Wata mata ta rangaɗa guɗa, tunkiya ta amsa.

A can sama Ezekiyel ya tsaya da kansa, ya fito ya zagaya motar sau biyu yana shafa ta, yana rera waƙar majami'a.

"Yaya Bawa, doki nawa ke cikinta yanzu?"

"Ni ba ni da injin awo, ba ni yi maka ƙarya. Waɗanda sunka tai kiwo dai sun dawo gida, na ƙara 'yan kaɗan bisa. Amma ka sani, in kana taka ta haka za ta ɗan ƙara shan mai."

"Ta sha. Ta cancanta."

Labari ya bazu a tashar Madawa, direbobin tsofaffin motoci suka yi ta layi a gindin dogon yaro. Bawa ya yi wa da yawa, ya kuma kori wasu. Kwanan baya Mu'awiya, wani ɗan kasuwar albasa, ya kawo tasa, ya ce yana so ta riƙa tashi kamar jirgi. Bawa ya shiga, ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Ya fito yana kaɗa kai.

"Alhaji, mu hwara koya mata tsayuwa. Jibi ka dawo mu yi zancen gudu."

Mu'awiya ya yi ƙunƙuni, ya duba agogo, daga baya ya miƙa makulli ya tari mashin ya tafi kasuwa. Bawa ya jawo kwali ya shimfiɗa, ya shige ƙarƙashin motar yana fito.