Abin da Ya Maƙale a Dutse

Ƙauyenmu yana arewa da Ungogo, inda gona ke manne da gona, ba ka gane iyakar taka sai da layin gamba. A shekarun da nake ba da labari, ruwa ya yi ta yaudarar mutane. A yi shuka ta fito kore shar, sai sama ta ɗauke, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. A kasuwa kuma sabulu da kananzir sun zama sai mai hali. Aka daina kunna fitila a gidanmu. In an idar da sallar magariba, wutar murhu ce fitilarmu, kuma a gefenta kakata Iya Kulu take shimfiɗa tabarmarta.

Iya Kulu ita ta haifi Baba. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai takwara. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, mai saurin dariya, kullum da mazari a hannu tana kaɗi. Tana da tata hanyar buɗe tatsuniya. Sai ta ce, "Ga ta nan ta taso daga nesa, ƙafarta duk ƙaya." Mu kuma mu amsa, "Ta ƙaraso mu cire mata." A wannan shekarar tatsuniyarta takan yi tsawo fiye da da. Sai da na girma na gane dalili: tuwon ne ya ragu, take cike gurbinsa da magana har barci ya kwashe mu.

Dangar kara ce kawai ta raba mu da gidan Malam Sule, wanda yake koya wa yaran unguwa karatun allo a zaurensa. Matarsa Saude ƙawar Inna ce, 'yarsu Rabi kuma ƙawata. A ƙauye ba sai an gaya maka halin da gida yake ciki ba, ƙarar turmi ce ke faɗa. Turmin gidan Malam ya fara tsallake rana, daga baya ya yi shiru ɗungurungum. Rabi ta daina fitowa wasa. Baba ya taɓa aika musu da gero a ƙwarya, Malam ya dawo da shi da hannunsa, ya ce, "Alhamdu lillahi, muna cikin rufin asiri. A kai wa wanda ya fi mu buƙata." Baba ya ji kunya, bai sake ba. Ga shi namu rumbun ma sai an zura jiki ciki sannan a taɓo dami. Ana ta raɗe-raɗin Malam zai rufe makaranta ya kwashe iyalinsa zuwa birni wurin wani ɗan'uwansa.

Ana cikin haka motar majigi ta zo. Tun la'asar take zagaya ƙauye da lasifika, tana cewa kowa ya hallara a filin firamare, za a nuna tarihin ƙasa da kaɗe-kaɗen mutanen da. Iya ta ce ba za ta ba, wai ita da tsufanta ba ta kallon inuwa a bango. Na yi ta magiya har ta ce, "To ɗauko mini kujerata, takwara. In na ga aljani, ke zan tura masa."

Sun ɗaure farin ƙyalle a bangon aji, injin wuta yana ta gurnani a bayan mota. Maza a gaba, mata daga baya, mu yara ko'ina. Da haske ya faɗa kan ƙyallen sai ga ganuwar birni, wata murya mai kauri tana bayanin yadda aka gina ta da hannu, ƙwarya bayan ƙwarya ta jar ƙasa. Sai marina suna tsoma zane a karofi, sai mabuga suna dukan shuni har yana ƙyalli, sai fatake da jakuna a jere sun nufi hanyar da ba a ganin ƙarshenta. Dattawa suna ta kabbara. Wani tsoho ya ɗaga murya ya ce, "Kai, jakin nan ya fi ni ƙiba!" Fili ya ɗauki dariya, irin wadda aka daɗe ba a yi ba.

Iya kuwa tuni ta manta da zancen aljani. Ta miƙa wuya, tana bin komai da ido, tana magana da mutanen ƙyallen kamar suna jin ta. Da marini ya ɗago zane daga rami sai ta ce, "Madalla da kai, ya kamu." Da aka nuno wata yarinya da tallan fura ta ce, "Ki riƙe da kyau, 'yar nan."

Daga nan aka shiga kiɗa. Aka nuno gayya: samari a jere da garma, mai gangar noma yana bin su a baya yana zuga su, gero ya fi tsayin mutum, kore har ƙarshen ido. Dariya ta ɗauke. Filin nan ya yi tsit, ba ka jin komai sai gangar da injin. Na ga Baba ya sunkuyar da kai. Wani daga gaba ya ce a hankali, "Allah ka maimaita mana." Aka amsa da amin kamar a masallaci.

Sai hoto ya canza. Wata tsohuwa ce durƙushe a gaban dutsen niƙa, a wani tsakar gida da ba mu sani ba, tana turawa tana jawowa, tana waƙa da siririyar murya:

"Dutsena ya yi santsi,
Ara mini naki, 'yar uwa."

Kafin ta kai baiti na gaba, na ji an dafa kafaɗata da ƙarfi. Iya ce ta miƙe tsaye. Ta buɗe baki ta amsa, da muryar da ban taɓa sanin tana da ita ba:

"Abin da ya maƙale a dutse,
Na dutse ne, ba nawa ba."

Tsohuwar ƙyallen ta faɗi daidai abin da Iya ta faɗa, kamar sun haɗa baki. Samari suka fara dariya, amma wasu tsofaffin mata daga bayanmu suka kama amshin, dariyar ta mutu da kanta. Da hoton ya wuce, Iya ta ɗaga hannu ta ce, "Sannu da aiki, baiwar Allah." Hawaye na bin kumatunta, ba ta ko share ba.

Da aka tashi ta ja ni har wurin saurayin da ke kula da injin. Ta ce, "Ɗana, dawo mini da matar nan in ƙara ganinta." Ya rusuna ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, gobe da sassafe ana jiranmu a wani gari. Sai dai wani zuwan." Ta sa masa albarka, ta sa wa waɗanda suka ɗauki hoton. A hanya tana ta cewa, "Ka ga yara masu hankali. Sun bar manyan makaɗa sun je sun durƙusa a gaban tsohuwa da dutsenta. Rabona da waƙar nan tun bakin uwata." Motar ba ta sake zuwa ba.

Washegari da magariba, muka kewaye murhu. Inna tana gefe tana tsince 'yar kukar miya, Baba yana bakin ɗakinsa da carbi. Iya ta ajiye mazari, abin da ba ta saba yi ba.

"Ga ta nan ta taso daga nesa, ƙafarta duk ƙaya."

"Ta ƙaraso mu cire mata."

"Mai bayanin jiya ya ce waƙar niƙa ce ta matan karkara, kuma gaskiya ya faɗa. Yau zan gaya muku wadda ta fara yin ta."

Ta ce a wani zamani an yi yunwa a wani gari, har tururuwa ta daina fita nema. A garin akwai wata mata, Tabawa, mijinta ya rasu ya bar mata ɗan gero a rumbu, ba mai yawa ba. Mutanen garin masu kunya ne, gara mutum ya rufe ƙofa ya mutu da ya miƙa hannu. Tabawa tana kwance tana jin duwatsun niƙa suna yin shiru gida bayan gida. Ta kai wa maƙwabciyarta tsaba, aka dawo mata da ita. Ta kai wa wata, aka ce an gode, an ƙoshi, alhali yaran gidan ko kuka ba sa iya yi.

Sai wata safiya ta ɗebi geronta ta shiga gidan maƙwabciyar, ta ce dutsenta ya yi santsi ba ya cin hatsi, a taimaka a ara mata nasu. Aro kuwa ba a hana shi, mai bayarwa ma shi ne da girma. Ta durƙusa ta niƙa tana waƙa. Da ta gama ta kwashe rabi, ta bar rabi a kan dutsen ta miƙe. Matar gida ta ce, "Kin bar gari." Tabawa ta ce, "Wannan ai haƙƙin dutse ne. Kin taɓa ganin an yi aiki ba a biya ma'aikaci ba?" Ta fice ba ta waiwaya ba. Gobe ta shiga wani gidan. Matan da ke da ɗan abin hannu suka ji waƙar, suka gane, su ma duwatsunsu suka yi santsi rana ɗaya.

Ƙanina ya ce, "Iya, ai ƙarya ta yi."

Iya ta dube shi ta ce, "Je ka tambayi Malam hukuncinta. Ni dai na san garin bai tashi ba." Ta ɗauki mazarinta. "Ta ƙare, kan ɓera ya shige rami. Kowa ya nemi makwancinsa."

Duk tsawon labarin ba ta kalli Inna ko sau ɗaya ba. Amma na lura Inna ta daina tsince kukar tun daga tsakiya.

Da safe Inna ta jiƙa geron da za mu ci, ta ƙara kaɗan a kai, ta ɗora mini ƙwaryar. Muka zagaya ta zaure muka yi sallama a gidan Malam. Saude ta fito, ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu. Inna ta ce, "Saude, turminmu ne ya tsage. Ki taimaka mini da naki." Saude ta dubi ƙwaryar, ta dubi Inna. Ita ma tana filin majigi ranar nan, a bayanmu take zaune. Na ɗauka za ta kore mu. Sai ta juya ta mirgino turmin, ta kakkaɓe ƙurar da ta taru a ciki, ta ce, "Ga shi. Taɓaryar tana da nauyi, kawo in kama miki." Suka yi daka tare, luguden yana tashi har bayan gari. Da Inna ta zo kwashewa, ta bar na gindin turmi, mai yawa, muka fito.

Baba yana tsakar gida da muka dawo. Ya je ya tsaya a kan turminmu, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa. Ya ce, "Ni ban ga tsaguwa ba." Iya daga tabarmarta ta ce, "Idonka ne bai kai ba." Ya ce, "Iya, kin san abin da ya rage a rumbun nan kuwa?" Ta ce, "Na sani. Ni na fara rage cina, ba kai ba." Baba ya sake duban turmin. Sannan ya rungumi turmin ya kai shi ɗakin ajiya, ya kifa shi a bayan buhuna, inda mai shigowa ba zai gani ba.

Daga ranar, kullum a gidan Malam muke daka, mun kuwa ji a jikinmu. Muka koma ci sau ɗaya a yini, Baba ya sayar da akuyar Inna, daga baya ya tafi wajen madatsar ruwan Watari neman aikin lambu. Akwai ranar da na yi kuka na ce me ya sa za a bar wa su Rabi garinmu, Iya ta ba ni rabon kununta, ta ce ita ta ƙoshi. Wasu gidajen ma suka fara aron turmi. Ba kowa abin ya tsare ba, akwai waɗanda suka tashi ba su dawo ba. Amma Malam bai rufe makaranta ba, kuma da ruwa ya sauka sosai, Rabi tana cikin masu bin mu da iri a gona.

Yanzu ina zaune a birni, a unguwar Rijiyar Zaki, a gidan da aka gina kan gonar wani. Ina yawan kallon shirye-shiryen tarihi da na waƙoƙin da tare da 'ya'yana, kuma har yau ina jinjina wa duk wanda zai ɗauki na'ura ya bi ƙauyuka yana neman tsofaffi kafin su tafi da abin da ke bakinsu. Shi ba zai taɓa sanin inda aikinsa zai faɗa ba, ko wa zai ci da shi.

Abu ɗaya ya daɗe yana ci mini rai ina yarinya. Saude ba ta taɓa ce wa Inna an gode ba, ko bayan an yi girbi. Na ɗauka rashin kirki ne. Sai da na yi aure, na ga yadda ake ba da sadaka ana jiran a durƙusa, na ga yadda mai karɓa ke sauya hanya don kada ya haɗu da wanda ya ba shi, sannan na gane. Da Saude ta yi godiya, da ta mai da Inna mai kyauta, ta mai da kanta mai karɓa, da kuma zumuncinsu ya tsaya a nan. Suka zaɓi su ci gaba da zama maƙwabta, suna aron gishiri, suna faɗa a kan kaji, har suka tsufa.

Ranar da Inna ta rasu, kafin mu 'ya'yanta mu iso daga birni, Saude ta riga ta ɗora ruwa. Tana dogara sanda, idonta ma ba ya gani sosai. Mata suka ce ta zauna, akwai masu ƙarfi. Ta ce, "Ba mai taɓa ta sai ni." Ita ta yi mata wanka, ita ta sa mata likkafani.