Mabiyiya a Gidan Siminti

A gidanmu na ƙauye, can wajen Buji, ƙasa ce ko'ina. Tsakar gida rairayi ne mai laushi, da darbejiya a tsakiya, kaji na tono a gindinta. Bayan ɗakin Inna kuwa, nan aka binne mabiyiyar kowannenmu, wato abin nan da ke biyo jariri bayan haihuwa. In muna wasa muka nufi wajen, sai ta daka mana tsawa, wai kada mu tattaka kanmu.

Da na yi aure muka kama haya a birni, a unguwar Takur. Mai gidan ya malale tsakar gidan da siminti tun daga ƙofa har jikin katanga, yana ta alfahari wai ba laka, ba ciyawa. Ni ma a lokacin abin ya burge ni. Amma da rana ta take sai wajen ya zama tanda, ko kaza ba ta da abin yi a ciki.

Ranar da na yi haihuwar fari, aka sallamo mu daga asibiti da jaririya da mabiyiya a leda. Inna, wadda ta zo mini jego daga ƙauye, ta wanke mabiyiyar tas, ta naɗe a tsumma, ta fito neman inda za ta haƙa. Ina kallonta ta taga tana zagaya gidan, tana buga ƙafa a ƙasa kamar mai neman ɓeran da ya ɓuya. Maigidana ya ce a binne a waje, bayan katanga. Ta ce karnuka fa? Ya ce to a ba direban motar ƙauye ya kai. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce jikarta ba buhun gero ba ce. Ga zafi, abin kuma ba ya jira. Sai ta zauna a bakin baranda da ƙunshin a cinya. Ban taɓa ganin Inna ta rasa dabara ba sai ranar, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Maƙwabciyarmu ce ta leƙo, wata Kirista 'yar Filato mai aiki a sakatariya, muna ce mata Madam. Ta daɗe suna rigima da mai gidan da take haya, don ta fasa simintin bayan kicin ɗinta, wuri kamar faɗin tabarma, ta shuka gwanda da yakuwa. Da ta ji abin da ake ciki, ta koma ta ɗauko fartanya.

"Mama, zo ki sa a nawa," in ji ta. "Mu ma a garinmu binnewa muke yi."

Na lallaɓa na bi su. Suka durƙusa a gindin gwandar, Madam na haƙa, Inna na bismillah. Da suka mayar da ƙasa, Inna ta daddanna wajen da tafin hannunta. Daga ranar, duk gwandar da ta fara nuna, gidanmu ake kawo ta, wai rabon mai wuri.

Madam ta yi ritaya ta koma gida, mu ma muka tashi, Inna kuma Allah ya yi mata rasuwa. Da muka zo gina namu gidan a gindin duwatsu, sai da na yi faɗa da magini kafin ya bar mini tsakar gida ƙasa. Wai gidan zai zama na ƙauye. Na ce ai abin da nake so ke nan.

Bara 'yata, wadda yanzu take jami'a, ta matsa sai na nuna mata wurin. Muka je, masu gidan na yanzu suka bar mu muka shiga. Ba gwanda, ba yakuwa, an sake shafe wajen da siminti. Na nuna mata da yatsa. Ta cire takalmi ta hau kai ta tsaya. Simintin na ƙuna, ina gani tana ɗaga ƙafa ɗaya tana sauke ɗaya, amma ta ƙi sauka.