Ruwan da Injin Haƙa Ya Shanye

Shekarun baya, mahaifina yana da lambu a bayan gari. Kullum da safe yakan fito daga gidanmu na Dala ya tafi can. Abin da ya fi ji da shi a lambun shi ne bishiyoyin lemon da mahaifiyata ta dasa kafin rasuwarta.

Sai maƙwabtan lambun suka fara haƙa burtsatse domin noman rani, rijiyar lambunmu kuma ta shiga ja da baya. Aka yashe ta, aka ƙara wa guga igiya, amma abin da take tarawa bai wuce na shayar da lemon ba. Na zaunar da mahaifina ina yi masa bayanin yadda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke raguwa, da irin muryar da nake karanta labarai a rediyo. Ya bari na gama, ya ce, "To, mun ji kanun labarai. Yanzu me za a yi?"

Muka kira masu haƙa burtsatse. A ranar na fara sanin cewa injin ma sai an ba shi ruwa yake aiki. Tankar ruwa kuwa ba ta iya shiga hanyar lambun.

Shugabansu ya leƙa rijiyar, ya ce, "Baba, ko lemon ya sha, ko injin. Ba zai ishe su duka ba. Amma ba za mu daɗe ba, in sha Allahu."

Mahaifina ya dubi bishiyoyin lemon. Daga baya ya ce, "A ba injin."

Sun daɗe. A zurfin da maƙwabta suka samu ruwa a baya, mu busasshen yashi muka tarar. Kowace safiya ana kwashe abin da rijiyar ta tara, ganyen lemon yana naɗewa, yana zuba. Ranar da ruwan ya ɓullo ma'aikata suka yi kabbara. Mahaifina ya karya reshen lemo ɗaya, ya dubi cikinsa ya ga ya bushe, ya ajiye a hankali.

Lambun ya rayu, har yau ana noman tumatir da albasa. Ya hana a sare busassun bishiyoyin har ya bar duniya, ni ma ban sare ba.

Yanzu idan na ji an ce an samu ruwa a wuri kaza, ina taya murna. Amma a raina nakan tambayi me aka bari ya bushe kafin a kai gare shi.