Gwaibar da na ɗaure da jan zare

Ko na tsufa ina dogara sanda, ranar da aka kusa sare gwaibar gidanmu a unguwar Laranto ta Jos saboda ni ba za ta fita raina ba.

Lokacin ina karatun labarin ƙasa a jami'a, kuma ni mutum ne da gaisuwa ma sai na shirya mata. A ɗakin karatu na ci karo da labarin Okayama, wani yanki na Japan da ke bakin teku, duwatsu na bayansa, tsibirai na gabansa. Abin da ya burge ni shi ne manomansu: kowane ɗan itace sai sun sa masa rigar takarda tun yana ƙarami, don kada ƙwari su taɓa shi. Gwaibarmu kuwa kullum tsutsa ke riga mu ci.

Wata Asabar da mutanen gida suka tafi biki, na yanka tsofaffin jaridu daidai wa daida, na ɗebo jan zare a shagon ɗinkin Baba, na naɗe 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, har na reshen da ya leƙa gidan maƙwabciyarmu, wata 'yar Ibo mai sayar da garin rogo da muke kira Mama. Ganye ya rufe su, ni kuma ban gaya wa kowa ba.

Damina ta yi ta zuba. Rannan da safe sai ihun Mama ta kan katanga.

"Alhaji! Zo ka gani! Wane ne ya rataya mini juju a kaina? Shi ya sa kasuwa na ya tsaya!"

Baba ya ɗaga kai, ya ga ƙulle-ƙulle da jan zare suna lilo kamar layu. Ya yi salati.

"Madam, ni aka nufa. Wata guda ke nan kekena yana karya allura!"

Nan take ya aika kasuwar Katako a kira mai zarto. Ina tsaye cikin taron maƙwabta ina kallo. Sai da mutumin ya dafa gindin bishiyar sannan na ji muryata ta fito, siririya.

"Baba, ni ne. Haka ake yi a Japan."

"A ina?"

Na rufe ido na zuba bayani kamar ina gaban malami: teku, duwatsu masu tare sanyi, inabi, rana mai yawa, ruwan sama kaɗan.

"Ruwa kaɗan?" in ji Baba. "To, nan Jos fa, malam Bajapane?"

Don in kare kaina na tsinko ƙulli ɗaya na kwance. Jaridar ta sha ruwa ta jiƙe sharkaf, gwaibar ta ruɓe ta zama kunu, tururuwa suka bi hannuna. Mama ta leƙa, ta shinshina, ta fashe da dariya har tana dafa katanga.

"Alhaji, bar itace. Ba juju ba ne, karatu ne ya yi masa yawa!"

Baba ya sallami mai zarto, ya sa ni hawa in kwance sauran, yaran unguwa na ƙasa suna yi mini tafi.

Tun daga ranar, in na ga dabarar wasu ta burge ni a littafi, nakan fara ɗaga kai in dubi samanmu. In kuma abin zai leƙa gidan wani, duk kunyata sai na je na yi sallama na faɗa masa tukuna.