Baba Jaji, Mai Raba Ƙwarin Ƙasa Gida-gida

Shekara arba'in da ɗoriya, duk wanda ya yi sammako a hanyar Kakangi ya san abin da zai tarar. Da gari ya waye Baba Jaji zai rataya gora, ya nufi bakin daji. Can zai durƙusa yana birkita duwatsu da ruɓaɓɓun kututture, ya duba abin da ke ƙarƙashi, ya mayar da kowanne yadda ya same shi. Mai son saran sabuwar gona shi yake kira ya duba masa ƙasa kafin a sa gatari. Bana, shekara ta dubu da ɗari biyu da casa'in bayan hijira, gwiwa ta ƙi, ido ya rufe, ya zauna. Ni Salmanu, mai rubuta wa mutanen garinmu wasiƙa, na ɗauki alƙalami da kunya, domin duk abin da tsohon nan ya sani yana cikin kansa, babu wanda ya karɓa.

Mu a wurinmu ƙwaro ƙwaro ne, abin takewa. Shi kuwa gida-gida ya raba su, yadda mahaifiyarsa ta koya masa. Ya taɓa ɗora mini wani a tafin hannu, ina noƙewa.

"Dubi ƙafar, Malam," in ji shi. "Buzuzu gajere ne dunƙulalle, kashin shanu kawai ya dame shi. Wannan fa? Dogayen ƙafafu shida, baya mai tsaga-tsaga kamar kunyar gona, ga baki irin awartakin maƙeri. Mai wannan baki ai ba ya cin ganye. Nama yake nema."

Akwai baƙaƙen da yake kira 'yan gudu, waɗanda yawancinsu ba sa tashi sama don ɓawon bayansu a manne yake. Akwai matona, masu siririn ƙugu da faffaɗan ƙafafun gaba. Inda ya gan su sai ya ce ƙasa na da laushi, a sara. Kore mai sheƙi, mai warin da ke kwana a yatsa, shi ke gaya masa damshi na kusa. Sai babbansu, baƙi mai ɗigon fari, wanda ke fesa ruwa mai zafi in an takura shi. Bakoji, makiyayin da ke sauka kusa da Kusasu, shaida ne. Ranar da irin wannan ya fesa wa matarsa Mairama a ido tana neman itace, har an kawo garwashi za a yi mata turaren iska. Baba Jaji ya sansana gefen fuskarta, ya ce a kawar da wutar, a yi ta zuba ruwa. Kwana uku idon ya buɗe.

Yanzu ga inda laifina yake. Shekarar da tsutsa ta faɗa wa dawa, mutane suka ga baƙaƙen ƙwarin nan sun yi dandazo a gindin kara, suka ce ga masu ɓarna. A taron dattawa ni na ba da shawara a ƙone tarin itace da ciyawar iyakar gonaki, inda suke fakewa. Baba Jaji ya miƙe.

"Ku ji tsoron Allah! Waɗannan tsutsar suka biyo. In kun ƙone su, wa zai ci muku ita?"

Na yi dariya, na ce to Sarkin Ƙwari ya zo ceton talakawansa. Taro ya kwashe da dariya, sunan ya bi shi. Muka sa wuta. Da damina ta zagayo, tsutsa ta dawo ba mai tare ta, ta cinye mu ƙurmus. Da tafasa da rama muka ga ƙarshen shekarar. Gonarsa, wadda ya hana a ƙone mata iyaka, ita ce ta yi abin kirki, ya kuma rarraba mana dami-dami. Maimakon mu ce mun yi kuskure, sai muka ce tsoho yana da asiri. Muka ci dawarsa, muka ci gaba da kiransa ya duba mana ƙasa, amma muka hana 'ya'yanmu zama kusa da shi.

Kai ne, Baba Jaji, wanda ya ciyar da masu yi masa dariya bai taɓa goranta musu ba. Kai ne mai gwiwar da ta ƙare a gonakin mutane. Gogagge, mai haƙurin da ya fi ƙarfin bakinmu! Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka cika da imani.

Makon jiya da hantsi na je neman gafararsa, ɗauke da takarda da ƙwari biyar a gora, don in gwada abin da na rubuta daga bakinsa. Ya ce wancan ya wuce tuni. Sannan ya bi ƙwarin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yana kai su hanci. Uku daga cikin biyar na saka su a gidan da ba nasu ba.

"Rubutunka da kyau, Malam, amma takarda ba ta wari," in ji shi. "Ka samo mini masu sauran gwiwa kafin ruwan farko. Su kamo, ni in taɓa in faɗa. Ba na jin zan ga wata daminar bayan wannan."

Jama'ar Kakangi, Kusasu da Kuyello, ku yi koyi da mutumin nan, ku turo masu ƙarfinku su durƙusa a gabansa tun yana numfashi. Da zan tafi ya riƙe bakin rigata, ya ce, "Mutum nawa za su zo?" Na ce masa da yawa. Har yau ni kaɗai ne. Don Allah kada ku bari ya rasu da ƙaryata a kunnensa.