Waƙar da Tsohon Kyuba Ya Bar Mini

Maƙwabcina a unguwar Ladywood, nan Ingila, wani tsoho ne ɗan Kyuba, mawaƙi. Tun yana saurayi yake tsara waƙoƙi a Havana, wasu su rera su yi suna. Ya biyo ƙungiyar makaɗa zuwa Manchester, ƙungiyar ta watse, shi ya maƙale a Ingila. Bai taɓa rubuta waƙa ba, a ka yake ajiyewa. Kullum da safe nakan jiyo shi yana waƙa ta bango, har ina tsokanarsa da cewa ya hana ni barcin bayan asuba.

Ni likitar maƙogwaro ce. Da muryarsa ta dusashe ta ƙi washewa, ga rama, na san irin wannan dusashewar ba alheri ba ce. A wajenmu ba a tarar marar lafiya da mugun labari, danginsa ake ja gefe. A asibiti na saba faɗa, amma wannan maƙwabci ne mai cin tuwona. Na kira mahaifiyata a Kano.

"Kul," ta ce. "Ki ce masa da sauƙi, ki nemi danginsa."

"Hajiya, ba shi da kowa. Ko wajen GP, likitan unguwa, ya ƙi zuwa."

Na yi ta kwana da abin, ina tsoron in faɗa, ina tsoron in yi shiru ya mutu. Ana nan ya gayyace ni wasansa a Manchester. A cikin jirgin ƙasa na ce masa ina zargin ciwon daji ne, mai yiwuwa sai an cire maƙogwaron.

Ya juyo ya tambaye ni: "Zan sake yin waƙa?"

"Da wuya," na ce.

"To akwai wata sabuwa, ba wanda ya taɓa ji. Buɗe kunnenki."

Na ce bari in ɗauka a waya, ya ƙi, wai ba zai bar wannan muryar a bayansa ba. Haka ya yi ta biya mini kamar karatun allo, ina maimaitawa da muryata marar daɗi, har muka isa.

Ya yarda aka gwada shi, zargina ya tabbata. An yi aikin, ya tashi, muryar ta tafi. Bara ya rasu. Yanzu ni kaɗai na san waƙar, da yarensu take, ko kalma ɗaya ban gane ba, kuma jiya na nemi baiti na biyu na rasa.