Cikin Riga Suke Dubawa

Huɗu bisa ashirin. Haka ya rubuta da jan biro, ya turo mini takardar, ya koma kan shayinsa kamar bai yi komai ba.

Na duba, na sake dubawa. Tambaya goma ya ba ni, takwas na samu daidai, shi da kansa bai musa ba. Na ce, "Baba, to ina sauran makina?"

Ya ce, "Suna inda kika bar aikinki."

Tsohon nan maƙwabcinmu ne a New Bell, Bafulatanin Garwa, ya daɗe yana koyar da lissafi a lise, wato babbar sakandare, kafin ya yi ritaya. Ni kuwa tela ce. Shekara bakwai rabona da aji, tun da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, na shiga shagon ɗinkin yayata kusa da Marché Central. Bana na ce sai na shiga jami'a, ajin yamma. Amma akwai konkur, jarrabawar shiga, a gaba, kuma babbar takardar ta lissafin analiz ce, su limit da deribe. Yaya ta gaya mini a fili: shekara ɗaya za ta ɗauke mini aikin la'asar don karatu. In na faɗi, in dawo kan keken ɗinki, magana ta ƙare.

Watan farko na sha haushi. Na zo wurinsa koyon deribe, Baba ya mayar da ni haɗa firaksiyon, aikin 'yan kolej, ƙaramar sakandare. Na haɗiye, na yi. Kai ya fara buɗewa, sai ga huɗun nan.

Abin da bai sani ba shi ne yadda nake aiki. A takardar buhun siminti da muke yanka samfuri nake yin lissafina, in kwafe amsar kaɗai a takarda fes, in ja mata layi biyu, in jefar da sauran. Haka aka koya mini. Riga ba ta barin shago da alamar alli ko zare yana reto. Mai kaya ba ta son ganin wahalarki.

Da na yi masa wannan bayani, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Sai ya tambaye ni, lokacin da nake koyon ɗinki, in na gama riga ina Yaya take fara dubawa. Sai na tuna. Juya ta take yi, ciki ya koma waje, ta bi ɗinkin da yatsa layi-layi.

Ya ce, "To masu gyaran takarda ba masu kaya ba ne, 'yata. Dukansu yayarki ce."

Daga ranar ya hana ni takardar siminti. Kowane mataki sai na rubuta, har da dalilinsa, ko da abin da nake gani yaro ma ya sani. Hannuna ya yi tsami. Na samu shida, na samu tara, na koma bakwai saboda na tsallake layi biyu don sauri.

Ranar konkur ruwa ya kwana yana zuba, lungunmu ya cika har idon sawu. Na ƙulle takarduna a leda, na hau bensikin, babur ɗin haya. Tambaya ta ƙarshe ta gagare ni. A da, fili zan bari, don ba na nuna aikin da bai ƙare ba. Wannan karon na rubuta duk inda na kai, na tsaya a nan.

Sha uku na samu. Sunana yana jerin waɗanda aka ɗauka, na ɗauki hotonsa sau uku. Baba ya ce ba laifi kawai, amma kafin magariba duk 'yan masallacinsu sun ji. Yaya ta ce yanzu wa zai riƙa yi mata kalmasa, tana faɗa tana tura hoton wa dangi har unguwar Ndogpassi.

Wata mai zuwa za mu fara aji, kuma har yanzu sinus da kosinus suna ruɗa ni. Ku da kuka koma karatu bayan shekaru, kun tsaya kun gyara tushe ne tukuna, ko kun shiga haka kuna gyarawa a hanya?